Wanda Ya Tashi Daga Benci Ya Rasa Layi

Ranar Talata na kai jikata asibiti, na dawo da ciwon baya da ƙarin ilimi. Ciwon bayan ya fi yawa.

Shekarunta tara, muna kiranta Walƙiya. Shugaban makarantarsu ne ya aiko da takarda: yarinyar ba ta zama, ba ta ƙarasa aiki, tana amsa tambaya tun ba a gama yi ba, ta ɓatar da fensir goma sha ɗaya a zango guda. Ko a kawo shaidar likita kafin Litinin, ko a nema mata wata makarantar.

Maƙwabcina tela ya ba da fatawa kyauta. "Malam, wace shaida kuma? Dorina ce maganinta."

Na ce, "Kai da ka sha dorina shekara goma, ina rigar da na ba ka tun bara?" Ya sunkuyar da kai kan keke.

Marigayiya matata ce ta fara ganewa. Takan ce, "Ba taurin kai ba ne. Kanta ne kamar kasuwa, kowa na kiranta lokaci guda." Ni mai karatu na yi mata dariya. Sai da ta bar ni na tarar da maganarta a littafi, an yi mata dogon suna. Ga shi babu wanda zan ba haƙuri.

To, asibitin. Masu Girma, Allah ya ƙara musu laushin kujera, sau biyu suna buɗe sashen yara masu wannan larura, da almakashi da kyamara. Ɗaki ne guda da benci. A saman bencin an manna doka: wanda ya tashi ya rasa layi. An tara yaran da ciwonsu shi ne rashin zama, an ce su zauna. Saura a buɗe sashen masu karaya a hawa na bakwai.

Walƙiya ta yi minti huɗu a zaune, na duba agogo. Sau uku akawu na kiranta, sau uku tana bakin taga, sau uku muna komawa baya.

"Ranka ya daɗe," na ce, "tashin nan fa shi ya kawo mu."

"Baba, ni doka na sani. In ta warke ta zo ta zauna, sai ta ga likita."

Karo na huɗu na damƙe mata hannu har muka isa tebur. Sai fayil ya ce ɗauke ni inda kuka ajiye. Akawu ya ja aljihun tebur ɗaya, ya rufe, ya ce mu dawo bayan mako uku. Na ce makaranta Litinin ta ba mu. Ya ce ba shi ya haifi Litinin ba.

Sai murya daga ƙarƙashin teburin: "Kaka, ga sunana nan!"

An ninke fayil ɗin biyu, an tokare gajeriyar ƙafar teburin da shi. A ɗakin nan kaf, wadda aka ce ba ta mai da hankali ita kaɗai ta duba.

Likitar, baiwar Allah da gajiya ta gama da ita, ta daɗe tana tambaya: tun yaushe, a gida ma haka take? Ta ce ba rashin tarbiyya ba ne. Akwai ƙwaya mai taimakawa in likita ya auna. Akwai kuma barci kan lokaci, guje-guje, kujerar gaba a aji, da umarni ɗaya-ɗaya. Babu dorina a ciki. Da ta jero alamomin, fara aiki a bari, manta alkawari, ɓatar da kaya, sai na ce, "Likita, ai Masu Girma kike siffantawa. Ba za a raba musu ƙwayar ba?"

"Baba, kada ka zalunci yara. Su ba da gangan suke yi ba."

Na janye maganata. Ƙwayar dai babu a kantin asibiti, wai tana hanya. Hanyar ma ba a ƙarasa ta ba.

Amma takardar likita ta isa makaranta ranar Laraba, Walƙiya na kujerar gaba. Da safe nakan ce, "Takalmi." In ta saka, na ce, "Jaka." Haka kakarta take yi a da, ina mata gori.

An ce teburin akawu na rawa tun ranar. Kada ku damu, fayil ba ya ƙarewa. In naku ya ɓata, ku je da yaron da ba ya zama.