Injin Korar Jan-baki

Wani ne a Gashua, mai gyaran keke, irin wanda in ya yi maka faci sai ka yi addu'a kafin ka hau. A shekarun tamanin ne, lokacin da jami'a ta turo malamai Nguru da wani shiri na koya wa masu sana'ar hannu ƙera injuna, da yadda za su mayar da su abin kasuwa. Aka ce duk wanda ya ƙera abin da ya fi amfani, za a ba shi injin walda da shago a kasuwar Nguru.

Gogan naka yana jin shago ya jefar da famfo, ya faɗa mota sai Nguru. Sati biyu yana aji yana sharar gyangyaɗi. Magana ɗaya ce tak ta shiga kansa, ta shugaban shirin, Dakta Festus: "Ka nemi abin da ke damun mutanenka, ka yi masa magani. In ka ƙera, ka gwada, ka gwada, ka sake gwadawa."

To, me ke damun mutanen Gashua in ba jan-baki ba, tsuntsayen nan da ke sauka a gonar shinkafa kamar hadari, su tashi su bar ka da kara? Ya koma gida ya haɗa tsohon keke da igiyoyi da gwangwanayen madara ɗari biyu, ya ɗora murfin tukunyar matarsa a kai. In ya taka feda, ana jin ƙarar har tsallaken kogi.

Saura gwaji. Ya kafa inji a fili bayan gidansa, ya zauna yana jira. Ko tsuntsu ɗaya bai gifta ba.

Ya ce, "Kai, injin kora ba abin kora, ai aikin banza ne."

Ya ɗebo gero a rumbu ya watsa. Tsuntsaye suka sauko. Ya taka feda, kwaram-kwaram-kwaram! Suka watse. Ya diro yana rawa, su kuma suka dawo suka cinye geron tas.

Kullum da safe haka: ya watsa gero, ya taka feda. Har kwana arba'in.

Rannan matarsa Fanna ta ce, "Malam, ni fa tsuntsayen nan naka ƙiba na ga suna yi. Jiya har da wani a kan igiya yana lilo."

"Ke Fanna, me kika sani a kimiyya? Dakta ya ce a sake gwadawa."

"Daktan ne zai cika mana rumbu?"

"Shago zai cika shi. Miƙo kwano."

Da ranar gasa ta matso, sai ya tafi wajen kawunsa, Alhaji Zarami, ya roƙi aron gona. Shinkafar Alhaji ta nuna, saura kwana uku a yanke.

Alhaji ya ce, "Ɗan nan, ka rufa min asiri. Wata guda ina fama da majajjawa a gonar nan, har murya ta dishe. Abincin gidana na shekara ke nan fa."

"Haba Kawu! Majajjawa a wannan zamani? Ka zauna a inuwa ka ga aikin ilimi."

Da ƙyar Alhaji ya yarda aka kafa inji a gonarsa. Ranar ta zo. Dakta Festus ya iso a Landiroba da malamai uku, kowa da biro da takarda. Manoma suka cika bakin gona. Aka duba sama, fes, ko ƙuda babu.

Dakta ya ce, "To, Malam, babu tsuntsu. Yaya za mu gwada?"

"Ranka ya daɗe, bari dai ka ji muryarsa tukuna."

Ya hau, ya gyara wando, ya taka. Kwaram-kwaram-kwaram!

Sai gabas ta yi baƙi. Kafin a ce kwabo, yamma ma ta yi. Tsuntsayen wajen garin Katuzu suka taso, na bakin kogi suka taso, da 'ya'yansu da surukansu. Suka rufe gonar Alhaji ruf.

Alhaji ya ɗora hannu a ka yana ihu. "Taka, ɗan nan! Taka da ƙarfi!"

Ya ƙara wuta. Yana takawa suna ƙaruwa. Malaman jami'a suka ruga mota suka ɗaga gilashi. Wani ƙaton jan-baki ya sauka a kan sitiyarin keken yana kallon gogan ido cikin ido, yana jiran geronsa.

Kafin a sha kwanon fura an gama. Tsuntsaye suka tashi da ƙyar don ƙoshi. Alhaji ya zube a kan kunyar gona, hula a hannu, sai salati yake yi, hawaye na bin gemu.

Dakta Festus ya fito yana kakkaɓe kashin tsuntsu daga kwat, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, wannan injin kora ne ko na gayyata? Faɗa min, wane manomi ne mai hankali zai sayi wannan ya kafa a gonarsa?"

Gogan ya sauko daga keke yana haki, ya share gumi, ya ce, "Haba Dakta, wa ya ce maka a gonarka ake kafawa? A ta maƙwabci ake kafawa!"