Sarauniya Mai Fararen Kaya

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Idi ba, ko da kuwa shi ya yafe mini. Ɗaki ɗaya muke a unguwar Madinat Nasr, can ƙasar Larabawa, dukanmu 'yan Nijar, amma ni ne aka sani da dogon Faransanci da tarihin Turawa. (Gaskiyar magana, rabin tarihin nan a bangon littattafai na karanta shi.)

Idi zai auri Safiya, 'yar Hausawan Sudan da ke zaune a Giza. Danginta ba su gama sakin jiki da shi ba, suna ganin baƙo ne da bai san al'adarsu ba. Saboda haka ya so komai ya fita tsaf, har da farantan da za a raba wa mata. Ya ce in nemo masa tambarin da za a buga a kai, wanda ba a taɓa gani ba.

A wurin mai tsofaffin littattafai na tsinci wani kundi na zanen sarautar Faransa. A ciki ga wata sarauniya, matar sarki ta zamanin da, sanye da fari fat tun daga lulluɓi har ƙasa. A ƙarƙashinta akwai garkuwa an raba ta biyu, igiya mai ƙulle-ƙulle ta kewaye ta. Nan take na yanke hukunci: amarya ce, rabin garkuwar gidan ubanta, rabi gidan mijinta, igiyar kuwa ai igiyar aure ce. Ban buɗe shafi na gaba ba, don a ganina mai ilimi ba ya buƙata. Aka buga a faranti, sarauniya a tsakiya, sunan ango da amarya a cikin garkuwar.

Ranar ƙunshi muka kai farantan gidan su Safiya. Falo cike da mata, ni kuma na gyara murya na shiga bayani kamar malamin jami'a. Mahaifiyar amarya, Hajiya Batula, ta karɓi faranti ɗaya ta daɗe tana kallo.

"Ya waladi," ta ce, "ɗana, yaushe mijinta ya rasu?"

"Hajiya, ai amarya ce."

"A'a. Irin wannan farin na sa da baban Safiya ya rasu. Mu da shi muke takaba. Kuma dubi idonta, wannan ba ta yi barci ba."

Wata gwaggon amarya ta ajiye nata farantin a ƙasa, ta ce, "Wane irin fata ne wannan ake yi wa yarinya?" Na waiwaya na ga Idi ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyansa. Na zaro kundin daga jaka don in kare kaina. Shafin da na tsallake ya faɗi komai: zanen an yi shi ne bayan mutuwar sarki, fari kayan makokin sarauniyoyinsu ne, igiyar nan kuma alamar wadda mijinta ya rasu ce. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai, ba kaina kaɗai na kunyata ba, abokina na kayar a gaban surukansa.

Hajiya ce ta fitar da mu kunya. Ta ce, "Ma'alish, ba komai, rai a hannun Allah yake, ba a faranti ba. Khalas, shi ke nan, ku kwashe, kada a raba." Sannan ta riƙe nata. "Wannan dai ku bar mini. Ban san matar sarkin Turawa ma tana zama irin wanda na yi ba."

An ɗaura aure lafiya, sauran farantan kuma a ɗakinmu suka ƙare, na shekara ina cin ful, dafaffen waken nan nasu, a kan fuskar baiwar Allah. Na yi ta tunanin yadda na ƙirga ƙullin igiya, na fassara garkuwa, amma ban kalli matar da kanta ba ko sau ɗaya. Yanzu in aka nuna mini hoto aka ce me na gani, sai in ce a fara tambayar wanda ya taɓa sa irin kayan.