Barkwancina a Wajen Bikon Yaya Habsu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ina so (kuma wallahi ina so), da yinin da aka zo bikon yayata Habsu a gidanmu na Gangara. Har yau in abin ya faɗo mini ina cikin alwala, sai in rasa inda na tsaya, in sake daga farko.

Ni malamin Faransanci ne a wata makarantar sakandare a Tanut, irin waɗanda ake ce wa mushe (wato malam, da Faransanci) a hanya, a aji kuma ba mai sauraronsu. Na gaji da alli, na gaji da gyaran takardun yaran da su kansu ba su san me suka rubuta ba. Ana nan sai na ji labarin wani horo na koyon rubuta labarin fim da ake yi ta waya: wata malama a Yamai ke turo darasi, mu kuma mu mayar mata da aiki. Na shiga da gudu, ina ganin na samu ƙofar fita.

Da muka zo kan wasannin ban dariya na tele, wato talabijin, masu dogon zango ɗin nan da ake ganin mutane ɗaya a wuri ɗaya kowane mako suna maimaita halinsu, malama ta ce kowa ya zaɓi guda ya feɗe shi kamar ragon layya. Na zaɓi wanda matata Mariyama ta fi so, na wata mai sayar da abinci a tasha. Akwai ita uwar gidan, wadda komai ke wuyanta. Akwai mijinta da ya yi ritaya, yana ta ba da umarni ba mai bi. Akwai ɗansu da ke mafarkin Turai alhali ko kwano ba ya iya wankewa. Sai wani maƙwabci mai nauyin ji, wanda duk lokacin da faɗa ya kai maƙura, uwar gida ta ɗaure kayanta tana kuka, shi kuma zai yi sallama ya ce a ara masa tsani.

A kan maƙwabcin nan na zauna. Malama ta koya mana cewa aikinsa shi ne sassauta wa mai kallo wuya: in baƙin ciki ya yi yawa mutum zai kashe tele, don haka sai a turo wanda zai huda abin, a sha iska. Na rubuta shafi a kan shafi. Ba ya son komai mai girma a duniya, tsani kawai. Ba ya da gefe a rigimar. Kuma ba ya shigowa sai shiru ya yi tsawo har ya fara ciwo.

Na kalli wasan nan har na daina dariya kwata-kwata. In an yi abin dariya sai in tsayar, in mayar baya, in ce, "Kin ga dalilin da ya sa wannan ya yi aiki?" Mariyama ta jure, ta jure, ran nan ta ce, "Baban Amadu, don Allah ka bar mini abu ɗaya a gidan nan da ba darasi ba." Daga nan ta koma kallo gidan maƙwabta. Ni kuwa na ci gaba, igiyar sauraro a kunne, ido ja, ina auna barkwancin mutane kamar mai awon gero.

A cikin wannan hali nake aka kira ni Gangara.

Yaya Habsu tana aure a Falanko, wajen Malam Isufu, mutum mai sanyi da ba na jin ya taɓa ɗaga wa ko kaza murya. 'Ya'yansu duk maza ne, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ya yi mata alkawari: in Allah ya kawo mace, sunan Inna za a sa. Allah ya kawo macen, da ƙyar, sai da aka kai ta Damagaram aka yi mata aiki. Ranar suna kuwa sai aka ji ya raɗa wa yarinya sunan tasa uwar. Yaya ta zo gida wankan jego, ta yi arba'in, ta wuce arba'in, ta ce ita da Falanko sai dai a labari.

Bayan azahar suka iso, Malam Isufu da kawunsa, wani dattijo dogo da ake ce wa Kawu Mamman, da limaminsu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Namu gefen akwai Baba da ƙanensa Baffa Sale. Ni auta ne, aikina dafa shayi. Yaya tana tsakar gida, bayan zanan da ya raba zauren da cikin gida, tana jin komai.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kaka, aka tambayi dabbobi. Liman ya yi nasiha a kan haƙuri. Kawu Mamman ya ce sun zo ne da kai a ƙasa, yaro ya yi kuskure. (Yaron ya yi furfura a gemu, amma haka ake cewa.) Baffa Sale ya ce alkawari ba wasa ba ne. Malam Isufu dai kansa na sunkuye, yana murza bakin rigarsa.

Sai Baba ya gyara murya. Tun da Inna ta rasu ban taɓa jin ya ambace ta a gaban mutane ba. Ya ce, "Ni ban roƙi kowa komai ba. Shi ya zo nan, ya zauna inda kake zaune, Mamman, ya ce mini, 'Baba, in Allah ya ba mu mace, zan mayar maka da Inna cikin gidan nan.' Na riƙa jira. Ranar da aka ce mace ce ban yi barci ba."

Zauren ya mutu. Ba ka jin komai sai tafasar buta a kan gawayi.

To a nan ne shaiɗanin karatu ya taɓa ni. Mahaifina na ƙoƙarin haɗiye hawaye a gaban surukai, ni kuma abin da ke yawo a kaina shi ne: yauwa, shiru ya yi tsawo, ya fara ciwo, nan ne wurin mai tsani. Na dubi kowa, na ga ba wanda ya yi horo sai ni. Na ɗaga buta sama, na tsiyayo shayi da kumfa, na saki murya irin ta wasa na ce:

"Haba, ai abin bai kai haka ba. Malam Isufu ya ƙara ƙwazo kawai, baɗi war haka Yaya ta sake kawo mana wata, a sa sunan Inna. In tagwaye ne ma har ni a yi mini takwara."

Ba wanda ya motsa. Liman ya zuba wa carbinsa ido. Baffa Sale ya buɗe baki ya bar shi a buɗe.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ɗauka ba su gane ba ne, don a darasi an ce wani lokaci mai kallo na bukatar a ƙara tura shi kaɗan. Na yi 'yar dariya ni kaɗai na ce, "Wato ina nufin tunda ƙofa ba ta rufe ba…"

Sai na ji wani sauti daga gefen Malam Isufu. Na ɗan ji daɗi, na zaci dariya ce ta fara zuwa. Da na duba, mutumin ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Kuka yake.

Daga bayan zana muryar Yaya ta fito, a hankali, ba faɗa a cikinta, abin da ya fi kashe ni ke nan.

"Auta, likita ya ce wannan ce ta ƙarshe. Sun cire mahaifar."

Shayin da nake tsiyayowa ya cika kofi ya bi tire ya gangaro kan ƙafata. Ban ji zafinsa ba sai daga baya. Duk wanda ke zauren nan ya sani. Liman na Falanko ya sani. Ni da muke ciki ɗaya da ita, ni da na je har asibiti na tsaya a kanta da ledar lemu, ni kaɗai ne ban sani ba.

Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Mushe, je ka ga ko an ba dabbobi ruwa." Dabbobinmu suna daji wajen makiyayi tun farkon damina. Na tashi na tafi duba su.

Na zauna a bayan rumbu, kusa da turken da ba komai a kansa, na kira Mariyama. Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ta ce, "Na gaya maka ranar da muka dawo daga Damagaram. Na sake gaya maka da za ka tafi suna. Ka cire igiya ɗaya daga kunne ka ce mini 'Allah sarki', ka mayar." Ta ce, "Me ka yi?" Na ce waya ba ta ji sosai.

Abin da ya faru a zaure bayan fitata, Baffa Sale ne ya ba ni labari. Malam Isufu ya yi magana a karon farko. Ya ce da aka fito da Yaya daga ɗakin aiki aka gaya masa ba sauran haihuwa, uwarsa ta kama hannunsa a barandar asibiti ta ce, to wannan ce kaɗai jikarta mace daga gare shi, kar ya hana ta. Ya kasa ce wa uwarsa a'a, ya kasa gaya wa matarsa, ya yi shiru har ranar suna. Baba ya ce uwa uwa ce, ko tasa ko tata. Aka tsaya a kan suna ya zauna yadda yake, amma kowa zai riƙa kiran yarinya Inna. Yaya ta ce sai ta ƙara mako kafin ta koma, aka ce ta ƙara.

Wani abokina da na ba shi labari ya ce ai ni na buɗe bakin mutumin, barkwancina ya yi aiki. Na ce masa ya bari. Da na ci gaba da dafa shayina ma da an kai can, ba tare da an sa mace ta faɗi ciwonta da bakinta a gaban liman ba.

Kafin la'asar ta yi sanyi na lallaɓa cikin gida. Yaya na zaune tana ba yarinya nono. Na tsuguna na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Tun kana ƙarami in aka yi baƙi sai ka yi abin da za a kore ka. Na ɗauka karatu zai gyara." Ta miƙo mini jaririyar ta ce, "Riƙe uwarka, in sha ruwa." Na riƙe. Ban ce uffan ba, kuma ina jin shi ne abu mafi amfani da na yi ranar.

A tele, in mai ban dariya ya yi ɓaranɓarama, sai a yanke, a sa kiɗa, a koma wani wuri. A Gangara ba a yankewa. Babur ɗina ya ƙi tashi, dole na bi motar kasuwa, kuma aka matse ni a gaba tare da Kawu Mamman, gwiwa da gwiwa, har inda hanyarmu ta rabu. Bai yi mini magana ba duk tafiyar. Da zai sauka ya dafa kafaɗata ya ce, "An ce kana koyon ba mutane dariya." Na ce e, Kawu. Ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Da saura."

Na gama horon, har malama ta yaba da nazarina, ta ce na fahimci mai tsani fiye da kowa a ajin. Ban gaya mata dalili ba. Yanzu dai in na shiga wuri na tarar an yi shiru, ba na ɗauka ni ake jira. Sai in nemi gefe in zauna, in an jima in tambayi na kusa da ni a hankali ko lafiya.