Mai Gawayin da Na Tara wa Jama'a

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara wa wani bawan Allah jama'a a kasuwar 'Yankara, ina rantsuwa infoman ɓarayin daji ne. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni dai ɗan sarin masara ne, ba wani attajiri ba (amma lokacin na yi sabon mashin, kuma a ganina duk Faskari babu wanda bai ji labari ba). Kun san halin da muke ciki a yankin nan. Baƙuwar fuska ta kalle ka sau biyu, sai ka shiga zargi, don ɓarayin daji ba sa zuwa gidan mutum sai wani ya nuna masu shi.

To, ran wata kasuwa sai na lura da wani mutum a gindin dalbejiya, daura da rumfata. Dogo ne siriri, ya zumbula kwat a zafin nan na bazara, yatsunsa baƙi ƙirin, ga guntun gawayi maƙale a bayan kunne. Sai ya kalle ni, ya duƙa kan wani allon katako mai takarda da ke cinyarsa, ya goga da yatsa, ya yi magana shi kaɗai, ya sake kallona. Na ce taɓaɓɓe ne, na share. Kasuwa ta zagayo, ga shi nan dai. Na je ɗaurin aure Daudawa, ina tsugune ina danna waina, ina ɗago kai, wallahi shi ne jingine da katanga yana nazarin kunnena!

Daga nan barci ya ƙaurace mani. Na ɓoye mashin a ɗakin awaki, na koma sa tsohuwar riga don a ɗauka ba ni da ko sisi. Na kai kuka wurin mahaifiyata, Inna, sai cewa ta yi, "Kai dai ka cika tsoro. Rabu da shi." Na ji haushi ƙwarai. Za a sace mata ɗa, ita ko a jikinta!

Da wata kasuwar ta zo, sai mutumin ya matso har bakin rumfata, ya rufe ido ɗaya, ya miƙo babban yatsa yana auna hancina. Ni kuwa na ce shi ke nan, saiti yake. Ban san lokacin da na haye buhu ba.

"Jama'a, infoma! Ga infoma nan yana ɗaukar kamannina!"

Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe. 'Yan sa-kai suka iso da gora, wani ya shaƙe shi har kwat ɗin ta yage, wani ya ɗauke shi da mari. A nan gabana ya faɗi, don na san a garin nan an sha rasa rai kan wannan kalmar. Shi kuwa ya ƙanƙame allon a ƙirji yana cewa, "Ku dake ni, amma don Allah kada ku taɓa takardar, gawayi gogewa yake!"

Allah ya kawo Sarkin Kasuwa, dattijo ne, ya tsawatar, ya karɓi allon. Ya duba, ya ce, "Inna lillahi! Wanga ai Malam Iro ne."

Malam Iro babana ne, ya daɗe da rasuwa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Na leƙa. Ga shi nan kamar ya yi magana: farin gemun, tsagen kumatun, har yadda yake karkata hula.

Mutumin ya share jinin leɓensa ya ce daga Ƙanƙara yake, zane ne sana'arsa. "Hajiyarku ta aika a kira ni. Ta ce fuskar maigidanta ta fara ɓace mata, amma shi da ɗanta kamar an tsaga kara, in dube shi in ƙara gemu da tsage. Ta ce kada ka sani, wa'azi za ka yi mata kan hoto. Ni ma dama ba na zana wanda ya san ana zana shi, fuska ƙarya take yi."

Sarkin Kasuwa ya ce, "To mi ya sa ka daɗe haka kana bin shi?"

"Baba, ido ne ya ba ni wahala. Hajiya ta ce marigayi jarumi ne, shi kuwa wannan kullum a tsorace yake."

Kasuwa ta kwashe da dariya, har wanda ya yi marin. Ni da ke tsaye kan buhu na rasa ta inda zan sauko.

Na ba shi haƙuri har muryata ta dishe, na kai shi gida da kaina. Inna ta karɓi hoton da hannu biyu, ta daɗe tana kallo hawaye na zuba. Sannan ta dubi kumburarren leɓen baƙon, ta dube ni, ta ce, "Da ubanka ne, da ruwa zai fara ba shi."

Yanzu duk ranar kasuwa a rumfata yake zama yana zana mutane a ɓoye, ni ke ba shi fura. Darasin da na koya kuwa, in ka ga baƙo na bin ka, kafin ka tara masa gari, fara zuwa ka tambayi tsohuwarka ko ita ta aiko shi.