Kafin Alƙalamin Gidan Haya

Jama'a, yau na yi asarar wuni guda da kuɗin mota zuwa da dawowa, amma na dawo da ilimi. An ce talakawa su hallara a wani babban zaure, za a koya mana yadda ɗan haya zai wayi gari shi ma yana karɓar haya. Uwargida ce ta goge mini riga, ta ce in je ko Allah zai raba mu da kwanon da muke tarar yoyo da shi a kan gado.

Mai Girma Uban Marasa Muhalli ya iso bayan mun yi gumi mun bushe. Motocinsa kaɗai, da za a sayar, da rabin zauren ya samu makwanci. Allah ya ja zamaninsa, ya yi bayani kamar ruwa: banki zai ba da kashi saba'in, kai ka kawo talatin na kafin alƙalami, ka sayi gida ka zuba 'yan haya, su biya bashin kana barci. Muka yi ta tafi. Sai wani bakanike da ke gefena ya ɗaga hannu, ya tambaya a ina ake samo talatin ɗin.

Mai Girma ya yi murmushin wanda bai taɓa jin sallamar mai gidan haya a ƙarshen wata ba. "Haba malam, ba ka da dangi? Ni ma da taimakon 'yan'uwa na fara."

Bai faɗi ko 'yan'uwan nasa suna kusa da baitulmali ba, mu kuma ladabi ya hana mu tambaya.

Nan take Kawu ya faɗo mini a rai, ƙanin mahaifiyata, wanda aka ce ya sayar da motarsa kwanan nan. Daga zauren ban zame ko'ina ba sai gidansa, har da tsarabar lemo. Aka ce ya fita. Na juyo gida, sai ga takalmansa a ƙofar ɗakina. Mutumin da rabonsa da gidana tun muna amarci, ga shi a kan kujera, uwargida ta kawo masa shayi, ga kuma ledar lemo a gabansa irin tawa sak.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi aiki, na tambayi ƙafarsa. Ya yabi hankalina tun ina yaro, na yabi kyautarsa, wadda ni dai ban taɓa gani ba. Can ya gyara murya.

"Ɗan nan, na je wani taro yau. An ce mutum ya nemi dangi."

Ashe yana layin baya, ni ina na tsakiya. Na ce, "Kawu, ai daga gidanka nake. Ina kuɗin motar da ka sayar?" Ya ce haya ta cinye, har da ciko. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Uwargida ta shige ciki, ina jin dariyarta ta bayan labule.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Muna ɓare lemon, dillalin mai gidanmu ya yi sallama. Ya ce albishir ya kawo: mai gida ya samu shiga sabon shirin, zai sayi gida na huɗu. Abin da ya rage masa kafin alƙalami ne, don haka an ƙara haya, kuma ana son ta shekara biyu a dunƙule. Na yi maganar yoyo, ya ce in yi haƙuri, sabon gidan ba ya yoyo. Kawu ya miƙa masa lemo, ya karɓa ya yi godiya.

To masu cewa shirin manya ba ya aiki, ku ji tsoron Allah. Yana aiki, ni shaida ne. Ga shi ban cike takarda ba, ban ga manajan banki ba, amma kuɗina na shirin sayen gida. Sunan da za a rubuta a jikinsa ne kawai ba nawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu ya tafi da sauran lemona, ni na riƙe nasa. A danginmu dai, wannan ne jarin da ya zagaya.