Yadda Na Sarayar da Kujerata a Ajin Girkanci

Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Da wata cibiyar koyon harsuna a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, ta buɗe ajin Latin da na tsohon Girkanci, ban yi dogon tunani ba. Girkanci ya girmi Latin, kuma ba a tsallake wa a gaida ƙane. Na samu kujerar ƙarshe a ajin Girkanci, na dawo Giza inda muke zaune ina yi wa 'yan ɗakinmu bayanin hikimata.

Ɗaya daga cikinsu, Habu ɗan Zinder, ya nuna dalar Fir'auna ta taga. "To Malam, rubutun waɗanda suka gina waccan fa? Ai ya yi jika da Girkanci."

Wasa yake yi, ni kuwa hujja na gani. Washegari na je na ce a ba wani kujerata, daga tushe zan fara. Sai da aka bayar sannan na tambayi ajin Fir'aunanci. Matar da ke rajista ta dube ni ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ba ma koyar da shi."

Har yau ban iya ko ɗaya ba. Duk inda Habu ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Malam, an kai ga yaren Annabi Adamu, ko da saura?"