Kashi na Huɗu Yana Cikin Waya

"Lafiya lau, sai kewar miji marar zumunci. Wannan kwalin fa? Tsarabata ce?"

Kaka na zaune a bakin gado tana ɗaure ƙafar tabarau da zare. Jikanta Dogo, ma'aikacin asibiti, ya dire kwali fayau a gaban kantar littattafai. Shekara shida ke nan duk ƙarshen wata sai ya sayi biyu ko uku ya kawo nan ya jera, saboda ɗakin da yake haya yana yoyo.

"Tsaraba ga wa, tsohuwa? Littattafaina zan kwashe in kai ɗakin karatu. Na koma karatu a waya. Kuɗin na takarda ɗaya sai in sayi uku."

Kaka ta saki zaren ta dubi kantar. Ba wanda ya sani, amma ta karance rabin kantar nan. Mako uku da suka wuce ta gama kashi na uku na wani labari, aka tsaya daidai inda jirgin ruwa ya nutse, matuƙinsa yana rungume da katako. Tun ranar take zuba ido ya kawo na huɗu.

Ta taɓe baki. "Kwashe tarkacenka in samu wurin ajiye robobina. Ashe rowar taka ta kai har takarda ka daina saya."

Dogo ya zaro littafi guda, sai ga jan zare yana reto a tsakiya. Ya zaro wani, shi ma haka.

"Amarya, wa ke sa min zare a littattafai?"

"Ɓera."

"Ɓeran gidan nan har alamar shafi yake sawa?"

"Ya fi ka tarbiyya. Ni zan karanta shirmenka? Ina karatu tun uwarka ba ta san hannunta na dama ba."

"To madalla." Ya jefa littafin a kwali, ya yi kamar da kansa yake magana. "Ni dai matuƙin jirgin nan ne ya ba ni tausayi. Daga faɗawa ruwa sai mutuwa."

"Ƙarya kake, mai kunnen faranti! Ai ya kama katako, kuma..."

Ta toshe bakinta da hannu. Dogo ya zube ƙasa yana dariya har da riƙe ciki.

"Sannu, ɓera mai tabarau!"

"Allah ya shirye ka. Ina na huɗun?"

Ya buɗe wayar ya miƙa mata. Ta maƙala tabarau, ta ƙanƙance ido, ta kai wayar nesa, ta dawo da ita kusa.

"Wannan ai sahun tururuwa ne, ba rubutu ba."

Ya ɗora yatsu biyu a kan gilashin ya buɗa su. Haruffan suka kumbura. Kaka ta cire tabarau a hankali ta ajiye a cinya. Rabon da ta karanta layi da idonta tsura har ta manta. Da ta kai ƙarshen shafi, ta lashi yatsa ta shafa gilashin.

"Wayyo wayata! Tsohuwa, ba a sa mata yawu!"

"Ga shi kuwa shafin ya juya. Da me kake so ya juya, da addu'a?"

Ta gyara filo ta kishingiɗa. Ba ta yi layi biyar ba kira ya shigo ya rufe rubutun. Ta danna, ta kara a kunne.

"Wa? Dogo? Yana tsakiyar teku, ku kira gobe."

"Abokin aikina ne fa!"

"Shi ma ya koyi sallama kafin ya faɗo wa mutane cikin karatu."

Dogo ya share hawayen dariya. Ya karɓi wayar ya zare layinsa, ya mayar mata a tafin hannu.

"Na sallama. Riƙe ta, akwai tsohuwar wayata a gida. Amma don Allah kada ki faɗa min ƙarshen. Ni ma ban kai ba, ƙarya na yi miki."

Kaka ba ta ko ɗago kai ba.

"Wannan kuma sai na ga irin gaisuwar da ka yi min gobe."